Gwarzon Oktoba: Sarautar Da Ake Naɗawa Bayan An Ga Sakamako

A daren 1 ga Nuwamba, 2025, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka buga wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series, gasar da ke fitar da zakaran wasan besbol na Arewacin Amurka. A agogonmu wasan ya fara da ƙarfe ɗayan dare, bai ƙare ba sai gab da asuba. A zango na tara, ana kunnen doki 4 da 4, kocin Los Angeles Dodgers ya kira Yoshinobu Yamamoto, ɗan ƙasar Japan, ya miƙa masa ƙwallo. Mutumin nan ya yi jifa 96 a daren da ya gabata, alhali a al'adar wasan wanda ya yi irin wannan aiki yakan huta kwana huɗu ko biyar kafin a sake ganinsa. Ya karɓa, ya hana Toronto Blue Jays cin ko maki ɗaya har zuwa zango na 11, Dodgers suka ɗauki kofi da ci 5 da 4. Kafin gari ya waye duniyar besbol ta gama naɗa shi: ga namijin ranar wuya, ga wanda ba ya sanin faɗuwar gaba.

Ba ni da ja a kan cewa Yamamoto ya yi abin a yaba. Amma ina roƙon mai karatu ya koma zango na taran nan ya dubi abubuwa biyu. Da farko, da 'yan Toronto suka cika tasoshi uku, mai bugu ya buga ƙwallo a ƙasa, Miguel Rojas ya tare ta yana tangal-tangal, ya jefa gida, aka fitar da Isiah Kiner-Falefa da tazarar da sai da aka koma hoton bidiyo kafin a tabbatar. Nan take kuma wani mai bugun ya ɗaga ƙwallo can kusa da katanga, Andy Pages ya sheƙo a guje, ya bangaje abokin wasansa, ya cafke ta. Da ɗayan biyun nan ya kuskure da faɗin tafin hannu, da Toronto ce zakara, da kuma labarin da za mu ji shi ne na kocin da ya yi gangancin sa gajiyayyen mutum, da majefin da ya kasa riƙe amana. Jifan Yamamoto bai canza ba a labaran biyu. Abin da ya bambanta su ya faru ne bayan ƙwallo ta bar hannunsa.

Wannan shi ne ƙorafina da muhawarar da masoya besbol ba sa gajiya da ita, wato wane ne majefin da ake dogaro da shi a ranar tsanani, kuma me ya sa wani yake da wannan baiwa wani ba shi da ita. Laƙabin gwarzon Oktoba hukunci ne da ake yankewa bayan an ga sakamako, sannan a juyo a liƙa shi a zuciyar mutum kamar dama can an san halinsa. Idan yabo ne, ba shi da wata illa sosai. Amma laƙabin yana da ɗan'uwa, wato matsoraci, kuma da ma'auni ɗaya ake raba su. Shi wannan ɗan'uwan ƙazafi ne.

Ga wanda bai saba da wasan ba

Besbol ba wasanmu ba ne, don haka ga taƙaitaccen bayani. Mai jifa, wanda zan riƙa kira majefi, yana tsayawa a kan ɗan tudu mai nisan mita 18.44 daga mai bugu, ya jefo ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a sa'a. Mai bugu yana da ƙasa da rabin daƙiƙa ya yanke shawarar kai sanda ko ƙyalewa. Idan ya buga, sai ya ruga ya zagaya tasoshi uku ya dawo gida, wanda duk ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Wasa zango tara ne, kuma a kowane zango sai majefi da 'yan tsaron filinsa sun fitar da mutum uku kafin su karɓi sanda. Ana auna majefi da matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin kowane zango tara, ban da wanda kuskuren 'yan fili ya jawo. Zan kira wannan ma'aunin asara. Wanda nasa ya tsaya kusa da 4 matsakaici ne, wanda nasa ya yi ƙasa da 3 gwani ne.

Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Babban majefi yakan fara wasa 32 ko 33 daga ciki. Daga nan sai watan Oktoba, lokacin wasannin fitar da gwani, inda mutum ɗaya zai iya samun wasa ɗaya tak, ko biyar, ko shida in ƙungiyarsa ta kai ƙarshe. A riƙe wannan bambanci na yawa, domin a kansa komai ya rataya.

Ƙarar da ake yi wa Kershaw

Babu wanda aka yi wa shari'ar zuciya a wannan zamani kamar Clayton Kershaw na Dodgers. Daga 2008 zuwa ritayarsa a 2025 ya jefa zango sama da 2,800 a wasannin kaka, da ma'aunin asara kusan 2.5. Ya ci lambar Cy Young, ta majefin da ya fi kowa, sau uku: 2011, 2013 da 2014. A 2014 ɗin ma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan rukuninsa baki ɗaya, bayan ya ci wasa 21 ya faɗi 3 da ma'aunin 1.77. Amma a Oktoba, cikin zango kusan 200, ma'auninsa ya haura 4.5.

Masu ƙara suna da shaidu, kuma ba zan ɓoye su ba. A 2013 St. Louis Cardinals sun ci maki bakwai a hannunsa a wasan da ya fitar da Dodgers. A 2014 Cardinals ɗin sun sake rusa shi sau biyu, duka a zango na bakwai. A 2017, a wasa na biyar na World Series a Houston, an ba shi tazarar 4 da 0 ta zube. A 2019 Anthony Rendon da Juan Soto na Washington sun buga masa ƙwallo ta ƙetare katanga ɗaya bayan ɗaya. A 2023 Arizona ta ci maki shida yana da mutum ɗaya kacal da ya fitar. Zango 200 kuwa aikin kaka guda ne cur, don haka wanda ya ce duk wannan tsautsayi ne kawai bai yi adalci ba. Kershaw na Oktoba bai kai Kershaw na Yuni ba. Wannan gaskiya ce.

Tambayar ita ce me ya jawo. Masu ƙara sun ce zuciya. To, a ɗauki shaidun ɗaya bayan ɗaya. A wasa na huɗu na 2014 an sa shi ne bayan hutun kwana uku maimakon huɗu, ya yi zango shida ba a ci shi ko ɗaya ba, yana gaba da 2 da 0, sannan koci ya mayar da shi zango na bakwai saboda bai amince da majefan da ke benci ba. Nan Matt Adams ya buga masa mai maki uku. Zuciyar da ta riƙe zango shida ce ta tsere a na bakwai, ko hannun da aka hana hutu ne ya gaji? A 2019 ba ma shi ya fara wasan ba, an ɗauko shi ne daga benci a aikin da ba nasa ba. A 2023 kafaɗarsa ba lafiya, wata guda bayan wasan aka yi masa tiyata. Shi kuwa wasan Houston, a Janairun 2020 hukumar gasar ta fitar da rahoton bincikenta cewa 'yan Astros sun yi amfani da kyamara a filinsu a 2017, har da wasannin Oktoba, suna satar alamun da mai cafke ke yi wa majefi, suna sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe. Kwanaki biyar kafin wannan wasa, a filin Los Angeles, Kershaw ya fuskanci waɗannan mutane, ya kori 11 da jifa, maki ɗaya suka samu cikin zango bakwai.

Sannan akwai shaidun da masu ƙara ba sa kira. A 2015 ya doke New York Mets da hutun kwana uku a wasan da faɗuwa ke nufin tafiya gida. A 2016, kwana biyu bayan ya fara wasa, ya fito daga benci ya fitar da mutum biyun ƙarshe na Washington, sannan ya yi zango bakwai ba ci a kan Chicago Cubs aka tashi 1 da 0. A 2018 ya yi zango takwas ba ci a kan Atlanta. A 2020 ya kori 13 na Milwaukee, ya kuma ci wasa biyu a World Series da Tampa Bay, Dodgers suka ɗauki kofinsu na farko tun 1988. Idan tsoro ɗabi'arsa ce, ina tsoron yake zuwa a waɗannan ranaku? Halin da ke zuwa ranar Talata ya ɓace ranar Asabar bai cancanci a kira shi hali ba.

Jaruman da aka ba mu misali da su

Yanzu a juya ga waɗanda ake cewa Kershaw ya yi koyi da su. Na farko Jack Morris. A wasa na bakwai na 1991 ya jefa wa Minnesota zango goma cif ba a ci shi ba, aka doke Atlanta 1 da 0. Wannan dare ɗaya ya yi masa aikin da shekaru 18 ba su yi ba, domin ma'aunin asararsa na tsawon rayuwa 3.90 ne, kuma da shi ya shiga zauren girmamawa na besbol a 2018. Amma a zango na takwas na wannan wasa Lonnie Smith na Atlanta yana tasha ta farko, Terry Pendleton ya buga ƙwallo mai nisa wadda ta isa ta kawo shi gida, sai Smith ya yi turus a tasha ta biyu, ya ɓata daƙiƙun da suka sa ya tsaya a ta uku. Morris ya fita daga ramin da gwaninta, wannan nasa ne. Sai dai da Smith bai tsaya ba, da Atlanta ta shiga gaba. Shekara guda bayan haka, Morris yana Toronto, ya sake haɗuwa da Atlanta a World Series, ya faɗi wasanninsa biyu, kuma wanda ya buga masa ƙwallo mai maki huɗu a wasa na biyar shi ne Lonnie Smith ɗin nan. Idan aka haɗa duk wasanninsa na Oktoba ma'auninsa 3.80 ne. Wato Morris na Oktoba shi ne Morris na kullum.

Na biyu Madison Bumgarner na San Francisco Giants, wanda abin da ya yi a 2014 ba a taɓa ganin irinsa ba a wannan ƙarni: zango sama da 52 a wata ɗaya da ma'aunin 1.03, ya rufe da zango biyar ba ci a wasa na bakwai da Kansas City bayan hutun kwana biyu. Masoyansa sukan ce jininsa ne haka. Sun manta 2012, lokacin da Cincinnati da St. Louis suka yi masa dukan da ya sa kocinsa ya ɗauke shi daga jerin masu fara wasa na ɗan lokaci, kafin ya dawo ya yi zango bakwai ba ci a kan Detroit. Da Giants sun fita kafin ya sami wannan dama ta uku, da wane suna zai kwana da shi a wannan shekara?

Bob Gibson na St. Louis, wanda ya ci wasa bakwai a jere a World Series, ya kuma kori mutum 17 a wasan farko na 1968, ya faɗi wasa na bakwai na shekarar bayan Curt Flood ya yi kuskuren lissafin ƙwallon da ta tashi sama. Mariano Rivera na New York Yankees, mai ma'aunin 0.70 cikin zango 141 na Oktoba, a hannunsa kofin 2001 ya suɓuce, da wani bugu maras ƙarfi na Luis Gonzalez da ya faɗa bayan 'yan fili kaɗan. Ba wanda ya kira su matsorata, kuma daidai ne. Amma dalilin da ya sa aka yafe musu shi ne an riga an naɗa su. Wanda aka naɗa, faɗuwarsa tsautsayi ce. Wanda aka yi wa tambari, nasararsa ce tsautsayi. Da irin wannan shari'a babu shaidar da za ta taɓa sauya hukunci.

Matsoratan da suka wayi gari jarumai

Gwajin kowace da'awa game da halin mutum shi ne ta faɗa mana abin da zai yi gobe. A nan laƙabin ya fi faɗuwa. Randy Johnson ya faɗi wasa bakwai a jere a Oktoba, har aka gama yanke cewa dogon nan ba na ranar wuya ba ne. A 2001 ya ci wasa uku a World Series, na ƙarshen daga benci kwana ɗaya bayan ya fara wasa, ya raba lambar gwarzon gasar da Curt Schilling. David Price ya fara wasa 11 a Oktoba bai ci ko ɗaya ba, jaridun Boston suka mayar da shi abin ba'a. A 2018 ya ci uku a jere, na ƙarshen shi ne wasan da ya ba Boston kofi, kuma majefin da ya doke a wannan dare Kershaw ne. Matsorata biyu ke nan a fili ɗaya, dole ɗaya ya fita jarumi.

Da wani ya yi caca da dukiyarsa bisa laƙabin a kan Johnson a 2001, ko Price a 2018, ko Morris a 1992, da ya tsiyace. Ma'aunin da ke bayyana jiya daidai amma ba ya hango gobe, tarihi ne kawai, kuma tarihi ba laifi ba ne muddin an kira shi da sunansa.

Masu nazarin alƙaluma sun daɗe da lura da wannan. Tun 1977 Dick Cramer ya bincika ko akwai masu bugun da ke fin kansu a lokacin tsanani shekara bayan shekara, bai samu ba. A 2001 Voros McCracken ya nuna abin da ya girgiza masana wasan: majefi yana da iko sosai a kan korar mai bugu, da ba shi tasha kyauta, da ƙwallon da ke ƙetare katanga, amma da zarar an buga ƙwallo cikin fili, ikonsa a kan ko za ta faɗa hannun ɗan tsaro ko ta faɗa fili kaɗan ne ƙwarai. A kaka mai wasa 33 irin wannan sa'a takan daidaita kanta. A wata mai wasa huɗu ba ta da lokacin daidaitawa. Hausawa sun ce sa'a ta fi sammako, kuma a Oktoba maganar tana da alƙaluma a bayanta.

Inda masu alƙaluma su ma suke zarce gona da iri

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa tsoro babu shi, ko cewa 'yan wasa injina ne. Wasu daga cikin masu alƙaluma sun faɗi haka, kuma sun yi kuskure. Bill James, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya ja kunnen almajiransa a 2004 cewa rashin ganin abu cikin hazo ba hujja ba ce ta cewa babu shi. Mai yiwuwa ne wasu sun fi wasu natsuwa da ɗan kaɗan, amma hayaniyar sa'a ta fi ƙarfin a ji wannan bambanci cikin wasa goma ko ashirin.

Kuma mun san yadda rushewar zuciya take idan ta zo da gaske, domin ba ta ɓuya. A wasan farko na Oktoban 2000, Rick Ankiel na St. Louis, yana ɗan shekara 21, ya yi jifa biyar da suka wuce mai cafke a zango ɗaya, daga nan bai sake zama majefin da yake ba, sai da ya koma ɗan tsaron fili kafin ya dawo babbar gasa a 2007. Amurkawa suna kiran wannan lalura da sunan Steve Blass, majefin Pittsburgh da ya wayi gari a 1973 ba ya iya saita ƙwallo, ba tare da wani rauni a jiki ba. Abin da ya kamata masu rabon jarumta su tsaya su yi tunani a kai shi ne, Blass ɗin nan shi ne ya jefa wasa na bakwai na World Series ta 1971 daga farko har ƙarshe ya ci. Mutumin da ya haye babbar jarrabawar zuciya da wasan ke da ita, shi ne sunansa ya zama sunan cutar rasa zuciya. Wace ce ɗabi'arsa ta gaskiya a cikin biyun?

A ƙara da wannan: duk wanda ya kai ga tsayawa a tudun nan a Oktoba ya riga ya tsallake siraɗi da yawa. Ya yi jifa a gaban masu farautar 'yan wasa yana saurayi, ya yi shekaru a ƙananan gasa inda mummunan wata ɗaya ke iya mayar da mutum gida. Waɗanda matsi ke karyawa akasarinsu sun zube tun a hanya. Tsakanin waɗanda suka rage, bambancin natsuwa ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin gwaninta, da lafiya, da hutu.

Hannun da ba a gani

Akwai mutum ɗaya da ke rubuta rabin labarin kowane majefi, shi ne koci. Sananne ne a wasan cewa masu bugu sukan fi samun majefi idan suka fuskance shi karo na uku a wasa ɗaya, domin sun ga kayansa kuma hannunsa ya soma nauyi. Saboda haka lokacin da aka cire mutum yana iya zama bambancin jarumi da abin zargi. A 2003 Grady Little na Boston ya bar Pedro Martínez a zango na takwas na wasa na bakwai da Yankees, yana gaba da 5 da 2, aka farke, Boston ta faɗi, Little ya rasa aikinsa. A 2020 Kevin Cash na Tampa Bay ya yi akasin haka, ya cire Blake Snell a zango na shida bayan jifa 73 kacal, yana gaba da 1 da 0 kuma ya kori tara, wanda ya karɓe shi ya zubar, aka yi wa Cash ca. Ɗaya an zarge shi da ya bari, ɗaya da ya cire. Abin da ya haɗa su shi ne sun faɗi.

Babban majefi shi ya fi shiga wannan tarko, saboda shi ake bari ya wuce iyakarsa. Matsakaicin majefi ana cire shi a zango na biyar, ya tafi da alƙalumansa tsaf. Gwani kuwa ana ce masa ƙara ɗaya, ƙara ɗaya, har sai ya fashe, sannan a rubuta fashewar da sunansa. Wani ɓangare na mummunan tarihin Kershaw haraji ne na amanar da aka ɗora masa.

To me ya kamata a tambaya?

Idan ana son sanin wa za a miƙa wa ƙwallo a wasa na bakwai, akwai tambayoyin da ke da amsa. Wa ya fi korar masu bugu da jifa, tunda ita ce hanyar da ba ta bi ta hannun sa'a? Wa yake da nau'in jifa uku ko huɗu da ya amince da su, ta yadda in ɗaya ta ƙi a ranar, ko masu bugu suka gane ta, yana da madadi? Sandy Koufax ya ci wasa na bakwai na 1965 da hutun kwana biyu, ba a ci shi ko ɗaya ba, yana dogaro kusan kacokan da jifa mai gudu saboda mai lanƙwasarsa ta ƙi, amma Koufax ɗaya ne. Wa jikinsa ke jure gajeren hutu? Wa ke da lafiya a wannan mako? Su wa ke bayansa a fili, su wa ke benci? Waɗannan su ne suka sa Yamamoto ya dace da daren Toronto, kuma duk ana iya ganinsu tun kafin a fara wasa. Jarumtar da ta rage bayan an cire waɗannan ita ce yarda ya karɓi ƙwallo alhali ya san jikinsa bai huta ba kuma sunansa ne a kan layi. Wannan yardar Yamamoto ya yi ta, Bumgarner ya yi ta, Kershaw ma ya yi ta sau da yawa. Sakamako ne ya raba su.

Na san wani zai ce wasa ne, a bar mutane su ji daɗin tatsuniyarsu. Da yabo kaɗai ake yi, da na yi shiru. Amma mu da muka kalli Asamoah Gyan a 2010 mun san ɗaya fuskar. Mutumin da ya fi kowane ɗan Afirka cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya, wanda minti kaɗan bayan ya buga fanareti a ƙarfen raga ya sake fitowa ya buga na farkon ƙasarsa a bugun raba gardama ya ci, har yau da wancan bugu ɗaya ake tuna shi. Ana cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya ga mutum rana ɗaya da miya ta ƙare, ya ga rana ɗaya ne. Mu da muke zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, muke rubuta rahoton ƙarin girma, muke yanke wa ƙaramin likita ko lauya hukunci da aiki ɗaya da ya ɓaci a gaban manya, muna yin irin wannan shari'ar fiye da yadda muke zato.

Fitowar Kershaw ta ƙarshe a rayuwarsa ta wasa ta zo ne a wasa na uku na World Series ta 2025, wanda ya kai zango 18. An kira shi a zango na 12, yana da shekara 37, tasoshi uku cike da 'yan Toronto, saura mutum ɗaya a fitar. Nathan Lukes ya buga ƙwallo a ƙasa, ɗan tsaro ya tare ta ya miƙa tasha ta farko, zango ya ƙare, filin Los Angeles ya ɗauki sowa. Washegari aka yi ta rubuta cewa a ƙarshe ya wanke kansa. Ni ban ga abin da ya wanke ba. Da ƙwallon nan ta bi ta gefe da taku biyu, da an ce ga shi nan, halinsa ne, alhali mutumin da jifar duk ɗaya ne.